Taku Takwas da Suka Tashi Sabo

Mako biyu ke nan babu teburin mai shayi a Sabo da ba a kalli wannan bidiyo ba. Bai kai minti biyu ba. Ga yaronmu ɗan shekara 16 zaune da hula a karkace, ga wani dattijo Bayarabe a gabansa sanye da tabarau, allon ces a tsakaninsu. Yaro ya ɗauki bishof ya ajiye, ya danna agogo. Dattijo ya kalli allo, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake kallo, sannan ya miƙa hannu. Taku takwas kacal, an gama da shi. Daga layin 'yan canji har wajen masu tsire maganar ɗaya ce: ɗan Sabo ya kayar da tsohon ɗan wasan Badun kafin shayinsa ya huce.

Ina cikin zauren ranar, a tsaye can bayan kujerar yaron. Ni na fara nuna masa yadda doki ke tsalle, a kan benci, yana ɗan firamare. Da aka zagayo da takardar karo-karo don a tura shi gasa Legas, na sa abin da Allah ya hore mini. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce baƙin ciki ya sa ni ɗaukar biro. Ra'ayina shi ne, wasan nan da muke ta yaɗawa ba wasa mai kyau ba ne, daga ɓangaren wanda aka ci har ɓangaren wanda ya ci. In muka ci gaba da tafa masa a kansa, mu ne za mu karya yaron nan da hannunmu.

Ga waɗanda ba sa taɓa wannan darar, bari in share fage kaɗan. Allon ces gida 64 ne. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lamba daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida da sunansa, kamar e4 ko f2. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, ruk biyu, bishof biyu, doki biyu, da soja takwas. A lissafin 'yan wasa darajar soja ɗaya ce, doki ko bishof uku, ruk biyar, sarauniya tara. Sarki ba shi da farashi. In aka kai masa hari ana cewa cek, in ya rasa wurin gudu da mai kare shi ana cewa cekmet, wasa ya ƙare ke nan. Mai farare ke fara taku. Takun farko goma ko goma sha biyu su ake kira buɗi, kuma aikinsu sananne ne: ka kama tsakiyar allo da sojoji, ka fito da dawakai da bishof, ka kai sarkinka kusurwa inda zai fake.

Duk wanda ke shiga gasa mai rajista yana da lamba da ke nuna ƙarfinsa, yara na ce mata retin. Wani malamin kimiyya ne ya tsara ta, Arpad Elo, haifaffen Hungary mazaunin Amurka, kuma hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓi tsarin a 1970. Makin yaronmu bai kai 1600 ba, na dattijon yana dab da 1800. Bisa lissafin Elo, tazarar maki 200 na nufin in suka buga wasa huɗu ana sa ran babban ya kwashe kusan uku. Don haka murnar jama'a tana da tushe. Ƙarami ne ya kayar da babba, a gasar da kowa ke da awa ɗaya da rabi a agogonsa. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi kayen.

Dattijo ke da farare, yaronmu ke da baƙaƙe. Ga yadda aka fara:

1. Soja zuwa e4, soja zuwa e5.
2. Doki zuwa f3, doki zuwa f6.
3. Doki ya ci soja a e5, doki zuwa c6.
4. Doki ya ci doki a c6, sojan d7 ya ci doki.

Taku biyun farko ba su da aibi. Wannan shi ne buɗin Petrov, sunan wani gwanin Rasha na ƙarni na 19, Alexander Petrov. Gini ne mai ƙwari. Da shi Fabiano Caruana ya tare Magnus Carlsen sau biyu a gasar zakaran duniya da aka yi a Landan a 2018, Carlsen bai iya fasa shi ba. A taku na uku, hanyar da aka sani ita ce baƙi ya tura soja d6 ya kori dokin, in ya koma f3 sai ya ci sojan e4, a yi kunnen doki, soja ɗaya soja ɗaya. Yaronmu bai bi nan ba. Ya kawo doki c6, ya bar sojan ya tafi kyauta. Wannan reshen shi ake kira gambit ɗin Stafford, sunan wani ɗan wasa da ya ci wasa da shi ta hanyar wasiƙa a 1950. Ya daɗe a jefe ba mai kula shi, sai a 'yan shekarun nan wani gwani Ba'amurke, Eric Rosen, ya yayata shi a YouTube, yara a ko'ina suka haddace.

Mu tsaya a taku na huɗu mu yi lissafi kamar yadda ake yi a rumfa. Fari yana da soja takwas, baƙi bakwai. Fari yana da sojojin tsakiya biyu, na d da na e, baƙi ba shi da ko ɗaya. Sojojin baƙi biyu sun hau kan juna a layin c, ɗaya ya tare ɗaya. Abin da baƙi ya samu a madadin wannan asara shi ne hanya ta buɗe wa sarauniyarsa da bishof ɗinsa biyu, zai iya fitowa da sauri. Shi ke nan. Duk kwamfutar da ka ba wannan matsayi za ta ce fari ke gaba sosai. Tun a taku na huɗu yaronmu ya ci bashi, kuma abin da ya jinginar shi ne fatan abokin wasa zai yi kuskure.

Ya kuwa yi.

5. Soja zuwa d3, bishof zuwa c5.
6. Bishof zuwa g5, doki ya ci soja a e4.
7. Bishof ya ci sarauniya a d8, bishof ya ci soja a f2, cek.
8. Sarki zuwa e2, bishof zuwa g4, cekmet.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara da abin da ke da kyau. Hoton ƙarshe abin kallo ne. Sarkin fari na tsaye a e2, sarauniyarsa a bayansa, bishof ɗinsa a gefensa, sojansa a gabansa, duk sun zame masa katanga. Dokin baƙi ya tsare d2 kuma yana gadin bishof ɗin f2, shi kuma wannan bishof ya tsare e1 da e3, ɗaya bishof ɗin ya kawo hari ta f3. 'Ya'ya uku ƙanana sun kashe sarki, sarauniyar baƙi na kwance a gefen allo. Wannan salon kisa tsoho ne, ana danganta shi da wani Bafaranshe mai suna Legal da ya yi zamani a Paris a ƙarni na 18. Kuma taku na shida, inda yaro ya bar sarauniya a bakin bishof ya ci e4, shi ne taku mafi kyau a wannan matsayi. Ba wanda zai yi musun haka.

Yanzu sai dattijo. Kuskurensa na farko raini ne. Ya ga yaro, ya ga lambarsa a takarda, ya ga an ba shi soja kyauta, bai tsaya ya tambayi kansa dalili ba. A ces akwai gida ɗaya a gefen sarki da babu mai gadinsa a farkon wasa sai sarkin kansa, shi ne f2 ga fari, f7 ga baƙi. Da bishof ya sauka c5, idonsa na kan f2. Mai maki kusan 1800 ya kamata ya ji wannan a jikinsa tun kafin ya yi lissafi. Maimakon ya toshe ƙofar, sai ya ɗauki bishof ɗin da zai iya gadin wannan ɓangare ya kai shi g5, wai ya ɗaure doki. Ɗauri a ces iri biyu ne. In sarki ke bayan ɗan da aka ɗaure, doka ta hana shi motsi. In sarauniya ce a baya, tsoro ne kawai ke hana shi, kuma wanda ya hango kisa ba ya jin tsoro. Dattijo ya ɗauki igiyar kaba a matsayin sarƙa.

Kuskurensa na biyu ya fi muni. Da doki ya ci e4 sarauniya ta fito fili, bai yi minti ɗaya ba ya kai hannu. Ina kallon agogonsa, yana da fiye da minti tamanin. Tsoffin 'yan wasa kan ce in an miƙa maka sarauniya ka zauna a kan hannuwanka. Wa ke ba da buhun goro kyauta a kasuwa ba tare da ka kwance shi ka duba ƙasa ba? Da ya zauna ya duba, da ya ga cewa an riga an cuce shi, amma da sauran numfashi. In ya ci dokin da sojan d3, bishof zai ci f2 da cek, daga nan sarauniyarsa ce za ta tafi, wannan ba mafita ba ce. In kuwa ya dawo da bishof e3 ya toshe hanya, zai rasa ruk a madadin doki, ya ci gaba da wasa a wahale, amma wasa ne da za a yi awa biyu ana yi, kuma a awa biyu yaro ɗan shekara 16 yana iya zamewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Shi ya kashe kansa, yaronmu ya miƙa masa wuƙa ne kawai.

To, sai namu. Ga abin da bidiyo bai nuna ba. A irin wannan gasa ana ƙara wa ɗan wasa daƙiƙa 30 a agogo duk lokacin da ya yi taku. Da aka tashi, agogon yaronmu yana nuna lokaci fiye da wanda ya fara da shi. Ma'ana bai yi tunani ba ko sau ɗaya. Taku takwas ɗin nan duk a waya ya gan su, ya haddace, ya zo ya juye. Ba laifi ba ne mutum ya haddace buɗi, manyan 'yan wasa na haddace taku ashirin da ɗoriya. Amma su suna haddace hanyar da za ta tsaya ko da abokin wasa ya yi daidai. Shi ya haddace wadda ba ta tafiya sai an yi kuskure.

Da yamma na same shi a ƙofar gida, abokai sun kewaye shi. Na ja shi gefe na ce, "Ɗana, barka. Amma in da dattijon nan ya sa bishof e2 a taku na shida, me ka tanada?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba sa sawa." Na ce in an sa fa? Ya ce, "Baba, ci ci ne. An rubuta ɗaya a gaban sunana ko ba a rubuta ba?" Na ce an rubuta. Na bar shi, don ranar murnarsa ce.

Washegari Lahadi, a zagaye na biyar, aka haɗa shi da wata yarinya 'yar jami'a, makinta bai fi nasa da yawa ba. Shi ke da baƙaƙe kuma. Ya sake buga abin nan tiryan-tiryan. A taku na shida ta sa bishof e2. Ya tura soja h5 kamar yadda ya gani a waya, ta tura soja c3. Ya jefa doki g4, ta tura soja d4, ta datse tsakanin bishof ɗinsa da f2. Bishof ya ja baya zuwa b6, ya koma kallon bayan soja. Ta musanya dokin da ya shigo da bishof ɗinta, hari ya mutu. Daga nan ba ta yi wani abin mamaki ba. Duk inda ta ga musanya ta karɓa, doki da bishof, ruk da ruk, sarauniya da sarauniya, har allo ya yi fili. A ɓangaren sarki tana da soja huɗu yana da uku. Wannan sojan da ya bayar kyauta a taku na uku shi ne ya taka har layin ƙarshe. Yaro ya miƙa hannu bayan kusan awa uku. Wannan wasan ba wanda ya ɗauke shi bidiyo.

Bayan an tashi na tambaye ta ko ta san wannan buɗi da ma. Ta ce ta taɓa jin sunansa, amma a daren Asabar ne wata ƙawarta ta turo mata bidiyon da hoton takardar wasan, ta zauna rabin awa ta duba maganinsa. Jama'a, mu muka yaɗa. Masu buga ces a Badun ba su da yawa, kowa ya san kowa, kuma na Legas ma waya ɗaya ce tsakaninsu da mu. Tarko sau ɗaya yake kama kurege mai wayo. Wanda muke tara wa kuɗin mota zai isa Legas ya tarar an riga an san abin da ke aljihunsa.

Wani zai ce, to Malam, ai manya ma suna kisa da wuri, suna ba da sarauniya. Gaskiya ne, kuma akwai wasan da ya kamata a ajiye kusa da wannan a gwada. A 1858, a wani gidan waƙe-waƙe a Paris, Paul Morphy, saurayi ɗan shekara 21 daga New Orleans ta Amurka, ya buga da wasu masu sarauta biyu da suka haɗa kai a kansa, Duke na Brunswick da Count Isouard. Taku 17 aka yi. Shi ma ya ba da sarauniya, shi ma ya kashe da 'ya'ya kaɗan, ruk ɗaya da bishof ɗaya. Har yau da wannan wasa ake koyar da yara buɗi a duniya.

Abin lura shi ne yadda ya isa can. A taku na takwas Morphy yana iya cin soja a b7, ya ƙi, ya fito da dokinsa na biyu, domin ɗan da ke zaune a gida ba ya yaƙi. A taku na tara ya kai bishof g5, gidan nan dai da dattijonmu ya kai nasa. Taku ɗaya ne, gida ɗaya, amma Morphy ya yi shi ne bayan 'ya'yansa sun fito, babu wani bishof da ke hararar f2 ɗinsa, kuma abokan wasansa sun cushe kansu. A taku na goma sha biyu ya ɓoye sarki ya kawo ruk tsakiya a lokaci guda. Da ya zo ba da sarauniya a taku na goma sha shida, ya sa ta b8 da cek, abokan wasa ba su da wani taku da doka ta yarda da shi sai su ci ta, suna ci kuma ruk ya sauka d8, kisa. Bai jira kuskuren kowa ba a wannan lokacin. In ka ɗauki takunsa ɗaya bayan ɗaya ka tambaya me ya sa, kowanne yana da amsa da za ta yi maka amfani a wani wasa daban. Takun yaronmu na uku amsarsa ɗaya ce: wataƙila bai sani ba.

Wani kuma zai ce ina gaba da gambit ne, ina so yara su riƙa wasan tsofaffi. A'a. Ba da soja don a sayi lokaci ciniki ne halastacce a ces, in dai abin da aka saya ya kai kuɗinsa. Akwai gambit ɗin Evans, na wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Wales, William Evans, tun shekarun 1820. Fari yana ba da sojan b4, bishof ɗin baƙi ya ci, sai fari ya kore shi da c3, ya bi da d4, ya mallaki tsakiya. Ya ba da soja ɗaya, ya karɓi tsakiyar allo da taku biyu na lokaci. Garry Kasparov ya buga shi ya ci Viswanathan Anand a Riga a 1995, a taku 25, kuma Anand ba mutumin da ake kamawa da rashin sani ba ne. A Stafford kuwa, wanda ya ba da soja shi ne kuma ya rasa tsakiya. Duk ɗan kasuwar Sabo ya san bambancin wanda ya ba abokin ciniki bashi don ya riƙe shi shekara goma da wanda ya zuba jarinsa a caca ya ci ranar farko.

Ko ta fuskar maki ma lissafin bai goyi bayan tarko ba. Ga ɗan ƙasa da shekara 18 irin yaronmu, FIDE tana ninka bambancin sakamako da abin da aka sa rai da 40. Cin dattijo ya ba shi maki kusan 30. Faɗuwa a hannun wadda suke kusan daidai ta kwashe kusan 20. In ya ci gaba a haka, duk wanda ya san magani zai karɓi ashirin ashirin, masu faɗawa tarko kuma suna raguwa duk wata, domin labari na tafiya. Kuma yadda makinsa ke hawa haka yake haɗuwa da waɗanda ba sa cin sarauniya sai sun zauna a kan hannuwansu. A wasan minti uku na waya tarko yana ci, domin ba lokacin tunani, kuma gobe wani baƙo ne daga wata ƙasa. A zauren gasa fuskoki ɗaya ne shekara da shekaru.

Babbar asarar ma ba ta maki ba ce. Yaron da ke cin wasa a taku takwas ba ya koyon abin da ke faruwa a taku na talatin. Ba ya sanin yadda ake riƙe matsayi in hari ya ƙare, ko yadda ake tafiyar da ruk da soja a ƙarshen wasa, inda yawancin wasannin gasa ke yankewa. Na ga wannan ranar Lahadi. Da hari ya mutu sai ya rasa abin yi, yana kai ruk yana dawo da shi, yana kallon silin.

Abin da ya sa na damu har na rubuta shi ne na san yaron nan ya fi haka. A zagaye na biyu, safiyar Asabar ɗin nan, ya buga da farare da wani ma'aikacin banki. Ba tarko, ba abin ɗauka a waya. Ya fito da 'ya'yansa, ya ɓoye sarki, ya yi kuskure a tsakiya ya rasa soja, sannan ya zauna minti ashirin a kan taku ɗaya, kansa a tsakanin tafukansa, ya nemo hanyar kai ruk ɗinsa bayan sojojin abokin wasa. Aka yi ta fama har suka tashi canjaras bayan taku sittin da wani abu. Wannan rabin makin shi ya nema da kansa. In za a tambaye ni wasan da ya nuna Sabo na da ɗan wasa, wannan zan nuna, ba na taku takwas ba.

Tun da Tunde Onakoya ya yi awa 60 yana buga ces a Times Square na New York a watan Afrilun 2024, iyaye da yawa a nan suka daina kallon allon nan a matsayin shiririta. Abu ne mai kyau. Amma mu da yawancinmu ba mu san wasan ba, abin da muke iya gani shi ne sauri da ban mamaki, shi muke tafa wa, yaro kuma yana bin inda tafi yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tafi ma tanƙwarawa ne.

Ga roƙona ga kwamitin matasa da dattawan da ke riƙe da kuɗin karo-karo. A tura shi Legas, kada a fasa. Amma a ware wani abu daga ciki a samo masa wanda ya fi shi, ya riƙa zama da shi ko sau ɗaya a mako suna bin wasanninsa, musamman waɗanda aka ci shi. A saya wa zauren matasa agogon wasa da takardun rubuta taku, domin wanda ba ya rubuta wasansa ba ya ganin kuskurensa. In an ɗauki bidiyon ci, a tambayi yaro ya nuna na faɗuwa ma, a zauna a kalla tare ba tare da gori ba.

Kai kuma ɗana, na san za a karanta maka wannan kafin mujalla ta kai gidanku, na kuma san za ka ji haushina kwana biyu. Ba komai. Ba na ce ka bar Petrov ba, buɗi ne na manya. A taku na uku ka tura soja d6, ka karɓi sojanka, ka buga wasa daidai wa daida wata shida, ka ga abin da kanka zai iya in babu abin da aka haddace maka. Ka nemi yarinyar nan ka roƙe ta ku sake bin wasan Lahadi tare, ta nuna maka inda ta ji tsoro da inda ta daina ji. Ka nemi dattijon nan ma ka gaishe shi, domin ya miƙa maka hannu a gaban jama'a bai ɓata fuska ba, wannan ma abin koyo ne. Allona yana nan a kan benci bayan la'asar. Ni zan ɗauki farare, kuma ina gaya maka tun yanzu, a taku na shida bishof e2 zan sa.